Liƙin da Na Yi wa Bahago

Sunana Iro. Mahauci ne ni, ɗan mahauci, daga Daura. Ban yi boko ba. Ina faɗa ne ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini magana. A gari ana cewa na taka rabin duniya da ƙafa, aka koro ni saboda wasan yara. To, ga yadda aka yi. Mai dariya ya bari ya gama ji.

Zangon farko Barazil ne. Dillalin da ya kai ni ya ce ana neman Musulmi masu iya wuƙa, su yanka kajin da ake kai wa ƙasashen Larabawa. Maganar kaji gaskiya ce. Sauran duk ƙarya. Ɗaki ne mai sanyi kamar cikin randa, kaji na tafe a rataye jikin sarƙa, kana bisimilla kana yanka har harshenka ya bushe. A gida mutum ya kayar da sa ɗaya, ya huta, ya sha fura. A can sarƙa ba ta san gajiya ba.

A nan na haɗu da Obi. Wata safiya na ji wani a bayana yana zagin sanyi da Hausa. Na juya na ga ɗan Ibo.

Na ce, "Kai kuma daga ina?"

Ya ce, "Daga inda ka fito, barunje. Babana ne mai shagon kayan babur na bakin tasha."

Na san shagon. Na taɓa sayen taya a ciki. Tun daga ranar ba mu rabu ba. Shi ya yi makaranta, kuma kunnensa na kama yare kamar ƙaya ta kama riga. Ni ƙarfi ne nawa.

Da aiki ya yi aiki, hannuna na dama ya kumbura. Wata rana mai kula da layinmu ya tako ya tsaya gabana. Ya miƙo tafinsa. Na ɗora masa wuƙata. Ya ba wani yaro da ke tsaye yana jira, ni kuma ya nuna mini ƙofa. Mutane na kallo, sarƙa na tafiya. Wuƙar tasu ce, ban musa ba. Amma ba haka ake karɓar wuƙa a hannun mahauci ba.

Obi ya ajiye aiki shi ma. Ya ce mu bi masu tafiya arewa, Amurka.

Zango na biyu mota ce bayan mota, ƙasa bayan ƙasa, har muka kai wani ƙungurmin daji tsakanin Kolambiya da Panama. Ba na son maganar dajin nan. Jagoran da ya karɓi kuɗinmu ya bar mu a bakin wani kogi, ya ce zai duba hanya. Har yau yana dubawa. Na ga mutane a kwance da ba za su tashi ba. Ƙafar Obi ta ruɓe cikin takalmi, na goya shi inda hawa ya yi tsanani. Wata mata baƙa, ban san ƙasarta ba, ta buɗe ƙullin zanenta ta zuba mana gishiri da sukari a tafin hannu. Ban san sunanta ba. Ina sa ta a addu'a.

'Yan fashi sun tare mu kusa da ƙarshen dajin. Suka caje ni har wando. Abin da suka samu takardar naira ɗari biyu ce, canjin mai shayin tashar Daura, da ta maƙale a aljihuna tun ranar da na fito. Ɗayansu ya ɗaga ta, ya juya ta, ya nuna wa ɗan'uwansa shanun da ke jiki, suka yi dariya, ya jefo mini. Na ninke na mayar. Ba ta sayen ko ruwa a ƙasashen nan. Ita kaɗai ce ta rage mini daga gida.

Zango na uku kudancin Meksiko. Mun yi ta bin layi a rana har aka ba mu takardar zama. Obi ya karanta ya ɓata rai.

Ya ce, "Wannan a jihar nan kaɗai take aiki. In muka fita, sai dai in ɗan sanda bai karanta ta da kyau ba."

Na ce, "A jihar nan akwai aiki?"

"Babu."

"To, tashi."

Muka nufi arewa. Obi ya sa sunayenmu a waya, inda ake neman ranar da za a gabatar da kai a iyakar Amurka. Ya ce sai dai jira, ko wata nawa ne. Ya kafa mini doka ɗaya.

"Barunje, kada ka yi abin da ɗan sanda zai ce kawo takarda. Ko an zagi babanka, ka ce na gode."

Zango na huɗu shi ne garin da abin ya faru. Gari ne mai zafi da ƙura da motocin ɗaukar kaya. A tsakiyarsa akwai wani ƙaton filin wasa, a bakin filin kuma masu gasa nama sun jeru. Ƙamshin ne ya ja ni. Na tsaya gaban rumfar wani tsoho mai tumbi, na nuna wuƙa, na nuna ƙirjina. Ya dube ni sama da ƙasa, ya turo mini cinyar saniya. Na fere ta. Ya ce in dawo gobe.

Sunansa Ramiro. Rana ta biyu ya turo mini naman alade, na ja da baya na girgiza kai. Na ɗauka korata zai yi. Washegari na tarar ya sayo sabuwar wuƙa da sabon katako, ya ware mini gefe guda na garwashi. Ya ba mu wajen kwana a ɗakin da yake ajiye gawayi. Ƙanwarsa Lupe, bazawara, ita ke yin wainar masara mai faɗi da ake naɗe naman a ciki. Kullum sai ta ajiye mana namu kafin ta fara sayarwa. Suna kirana da wata kalma mai nufin baƙi. Ban damu ba. Baƙin ne.

Wasan da ake yi a filin sunansa besbol. Da farko na raina shi. Ƙarti da gemu sanye da wandon da ya matse su, suna tsaye suna tauna. Amma aikina ya haɗa da shiga cikin 'yan kallo da farantin nama, don haka dole na gani. A hankali na gane shi.

Mutum ɗaya ne ke tsayawa a kan ɗan tudu a tsakiyar fili, da ƙwallo mai tauri kamar goriba. Yana jifa. A gabansa akwai abokin gaba riƙe da kulki, yana son ya make ƙwallon ya ruga ya zagayo fili, wannan shi ne ci. In ba zai iya zagayowa a gudu ɗaya ba, akwai wuraren tsayawa uku a kan hanya, sai ya jira na bayansa ya doka. In ya kuskure sau uku, ya fita. In kuma mai jifan ne ya kauce wa saiti sau huɗu, mai kulki ya wuce a banza ba tare da ya doki komai ba. Sauran mutanen da ke warwatse a fili masu cafe ƙwallo ne. Duk wasan a hannun mai jifa yake.

Da na gane haka sai na ce wa Obi, "Ai wannan dambe ne. Mutum biyu, ido cikin ido, ɗaya ya kashe ɗaya."

Ya ce, "Komai a wurinka dambe ne."

Ƙungiyar garin koriyar hula take sawa. Mutanen garin kuwa ba su da wata magana. In an ci, rumfar Ramiro ta cika da masu murna. In an sha kashi, ta fi cika, don zagi na sa yunwa. Akwai wani direban tasi, Beto, siriri mai gashin baki, da ba ya fashin zuwa. Da farko Obi ke fassara mini. Daga baya kunnena ya buɗe, har na fara tsoma baki da guntun yarensu da hannu.

Ana gab da ƙare kakar wasa. Ƙungiyoyin da ke sama ne kaɗai ke shiga zagayen fitar da gwani, tamu kuwa tana bakin ƙofa, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Kowa da wanda yake ɗora wa laifi.

Beto ya ce, "Wancan ƙaton da aka sayo daga tsibiri, me yake yi? Yana kaɗa kulki kamar mai korar ƙuda. Albashinsa zai sayi tasi goma."

Lupe ta ce, "Bar shi, ko sau ɗaya ya samu ƙwallon sai an nemo ta a wajen fili. Ni mai jifan ƙarshen nan, mai rufe wasa, shi ke sa mini hawan jini. Ana kiransa ya rufe ƙofa, ya zo ya cire ta gaba ɗaya."

Beto ya ce, "Mai cafewar da ke tsugune bayan mai kulki fa? Gwiwarsa ta fi tawa lalacewa."

Ramiro ya buga wuƙa a katako. "Duk ku bar wannan. Ciwonmu ɗaya ne, tsohon nan. Hannunsa ya mutu. Ƙwallonsa tana tafiya kamar jana'iza. In koci na da hankali ya zaunar da shi, ya ba Harsashi."

Tsohon da yake nufi mai jifa ne da hannun hagu. Ni Bahago nake ce masa. Ya haura arba'in, furfura ta fito masa a gemu, kuma a garin aka haife shi. An ce da ƙuruciya shi ya taɓa ciwo musu kofi. Harsashi kuwa yaro ne sabon jini. Jifarsa ba a ganinta, sai dai a ji ƙararta a safar mai cafewa. Amma bai san inda za ta ba. Yakan wuce da mutum biyu a banza kafin ya fitar da ɗaya.

Na ce, "Maigida, yaron nan ƙarfi gare shi, ba ido."

Ramiro ya ce, "Ji wanda ya zo jiya."

"Na zo jiya, amma na ga irinsa. Ƙarfi ba saiti, wata rana kansa zai kayar. Bahago kuwa ƙafar mutum yake kallo kafin ya yi jifa. Yana ba ka a hankali lokacin da kake gaggawa. Ba hannunsa ne ya mutu ba. Masu cafe masa ne ke barci, koci kuma ba ya barinsa ya gama abin da ya fara."

Beto ya yi dariya har ya ƙware. "Baƙi ya zama koci. Gobe ka shiga ka gaya musu."

Lupe ta ce, "Ai da ɗan gaskiyarsa."

Ramiro ya ce, "Ke kin so shi tun kuna 'yan makaranta, ba a tambaye ki ba."

Ta jefe shi da ƙullin masara.

Abu ɗaya ne ban taɓa sabawa da shi ba a wasan nan. In koci ya gaji da mai jifa, ba aike yake yi ba. Takowa yake yi a hankali har kan tudun, gaban dubban mutane, ya miƙa tafinsa. Mai jifa ya ɗora masa ƙwallon, ya sunkuyar da kai, ya taka shi kaɗai ya fita. Ranar da na fara gani sai da na ajiye faranti. Na san wannan tafin hannun.

A wurinmu ba a cire ɗan dambe a tsakiyar turmi. Ko ya kashe, ko a kashe shi, ko a raba. Kuma in namiji ya yi abin maza, ba sai an tashi ake gaya masa ba. Shiga fili ake yi, a manna masa kuɗi a goshi, gumi ya riƙe. Shi ne liƙi. Mahaifina ɗan dambe ne. Wasansa na ƙarshe a Mai'adua aka yi, ranar kasuwa, ina ƙarami ina riƙe masa takalmi. Ya tsufa, ya ƙi yarda. Wani saurayi ya kai shi ƙasa, samari suka hau ihu. Sai wani dattijo ɗan Kongolam, mai fataucin awaki, ya ratso fili a hankali, ya durƙusa, ya manna masa kuɗi a goshi yana zaune cikin ƙura, ya ɗaga hannunsa. Ihun ya mutu. Har Baba ya rasu bai taɓa ba da labarin wanda ya kayar da shi ba. Labarin mai awaki yake bayarwa.

Ana saura wasa ɗaya a rufe kaka, Obi ya shigo ɗakin gawayi da waya a hannu.

"Ta fito. Ranarmu ta fito. Mako mai zuwa muna iyaka."

Na ce, "Alhamdu lillahi."

"Barunje, dube ni. Mako ɗaya. Ka sayar da namanka, ka rufe bakinka. Ko filin ne ya kama da wuta, ba ruwanka."

Na ce na ji.

Wasan ƙarshe ranar Lahadi aka yi, da rana tsaka. In an ci, an shiga zagayen fitar da gwani. In an faɗi, sai baɗi. Harsashi ya yi jifa kwana biyu kafin nan, hannunsa bai huta ba, don haka dole aka ba Bahago. Ramiro ya ce shi ke nan, a fara haƙa kabari.

Fili ya cika har matakala. Ni ina can ƙasa da farantina, kusa da wata gajeriyar katanga da ta raba 'yan kallo da ciyawa.

Bahago ya yi aiki ranar. Wanda ya ce bai yi ba, ƙarya yake. Yana ba su a hankali, suna kaɗa iska. Ya ba su ta ciki, su doke ta ƙasa, a tsince. Rigarsa ta jiƙe sharkaf. Har wasa ya yi nisa ba su ci ko ɗaya ba, mu muna da ɗaya. Mutanen da suka zo zaginsa suka yi tsit suna cin gyaɗa.

Sai wani ya ɗaga ƙwallo sama, irin wadda ko makaho zai cafe. Mai tsaron wajen ya tsaya ƙarƙashinta, rana ta shiga idonsa, ta faɗo ta gefen kunnensa. Mai kulki ya samu wurin tsayawa. Na bayansa ya zo ya make ta da kyau. Kafin a dawo da ita sun ci biyu.

Ba wanda ya zagi mai tsaron da ya zubar. Kan Bahago aka yi ca. Ana jefo kofunan giya. Wani a bayana yana cewa ya koma gida ya yi renon jikoki. Wata mata tana cewa ya sayar da wasa. Mutanen da ya ciwo wa kofi ke nan. Ga koci ya fito yana takowa, hannu a aljihu. Ya isa tudun ya miƙa tafinsa.

Bahago ya ɗan riƙe ƙwallon. Sannan ya ba shi. Ya sauko, ya nufo gefen da nake, shi kaɗai, kansa a ƙasa, ana yi masa ihu.

Na tuna maganar Obi. Kada wani ya ce mantawa na yi, ko na sha wani abu. Na tuna sarai. Na duba ko akwai mai awaki a cikin dubban mutanen nan. Babu.

Na ajiye faranti a kan kujera. Na tsallake katangar. Ban yi gudu ba, don ba a shiga liƙi da gudu. Na zaro naira ɗari biyun nan, na ɗaga murya da Hausa.

"Tsohon gatari, ka sare na jiya ka sare na yau! Hagu mai raba gardama. Dutsen kan hanya, ko an kauce maka an san kana nan."

Ya tsaya cak. Ya ga baƙin mutum da rigar gashin nama ya nufo shi yana ihu da wani yare. Ya dunƙule hannu, ban ga laifinsa ba. Na nuna masa takardar. Na ture hularsa baya kaɗan, na manna masa a goshi. Gumi ya riƙe ta. Na kama hannunsa na hagu na ɗaga sama, na juya da shi ya fuskanci masu ihun.

Ya dube ni. Idonsa ja ne. Bai fizge hannun ba.

Iyakar abin da na gani ke nan. Masu gadi suka rufe ni ta baya, fuskata ta sha ciyawa, gwiwar wani a wuyana.

A ofishin 'yan sanda aka ce kawo takarda. Wanda ya karɓa ya karanta ta da kyau.

Zango na biyar gidan tsare baƙi ne na hukumar shige da fice. Ba a doke ni ba. Shinkafa da wake, da katifa a ƙasa, da jira. Obi ba shi da halin zuwa, don tasa takardar irin tawa ce. Ramiro ne ya zo, da nama a naɗe cikin wainar Lupe. Ya nuna kansa, ya nuna naman, ya yi kukan shanu, don in san ba alade ba ne. Ya kira Obi a wayarsa ya miƙo mini.

Obi bai yi sallama ba. "A dajin nan ka goya ni. Ka tsallake kogi da gawa a ciki. Duk don ka zo ka zubar a kan wani tsoho da bai san sunanka ba?"

Na ce, "Ba a yi masa daidai ba."

"Kai aka yi wa daidai? Ni aka yi wa daidai? Mako ɗaya na roƙe ka."

"Ka roƙa."

Na ji yana jan hanci. Ya ce, "Me zan ce wa mutanen gida?"

"Ni zan riga ka zuwa, zan faɗa da bakina. Kai ka tafi ranarka. In ka fasa saboda ni, ban yafe ba."

Ya ce, "Allah ya isa tsakanina da dambe." Ɗan Ibo, Kirista, amma haka ya faɗa, da Hausar bakin tasha.

Ramiro ya karɓi wayarsa ya zauna. Ya ce an ci wasan. Ƙaton tsibirin nan da Beto ke zagi shi ya fitar da ƙwallo waje a ƙarshe, da mutum biyu a kan hanya. An shiga zagayen fitar da gwani. Ya ce rabin gari sun ɗauka ba'a na yi, wai na biya Bahago kuɗin mota ya tafi gida, har suna yaba mini. Sai da Obi ya yi wa Lupe bayani, ita kuma ta gaya wa duk wanda ya sayi waina, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Ya ce Bahago ya zo rumfa da kansa. Ya ciro takardar daga cikin hularsa, ya tambayi kuɗin wace ƙasa ce, me ya sa aka zana shanu. Aka gaya masa abin da ake nufi. Ya ci nama, ya biya, ya mayar da ita cikin hula, ya tafi.

Na ce, "To, Maigida, yanzu me ka ce?"

Ya ce, "Me zan ce? Hannunsa ya mutu."

"Bai ba su ko ɗaya ba sai da aka zubar masa."

"Sa'a ce."

Muka yi ta yi har mai gadi ya ce lokaci ya yi. Da zai tafi ya cire koriyar hularsa, mai maiƙon shekaru, ya kifa mini a ka. Ya juya da sauri.

Zangon ƙarshe jirgi ne, da jami'i a gefena. Legas, Kano, Daura. Na sauka a tasha da leda ɗaya. Na fara biyawa shagon baban Obi na gaya masa ɗansa na lafiya, ya kusa shiga Amurka. Ya rungume ni yana kuka. Daga baya Obi ya shiga ɗin. Yana can yana wankin motoci, yana turo mini murya a waya, rabi labari rabi zagi.

Shi ya gaya mini yadda ta ƙare. A zagayen farko aka fitar da su. Wasan da za a raba gardama, koci ya bar Bahago a benci ya ba Harsashi. Yaro ya yi ta harba ƙwallo sama da ƙasa, ya cika fili da mutane a banza, aka make masa ɗaya, shi ke nan. Na sa Obi ya kira Ramiro ya ce masa in ji Baƙi, ƙarfi ba saiti. Ramiro ya aiko da cewa in ji shi, baɗi yaron zai gyaru. Ba zai gyaru ba sai an samu mai zaunar da shi ya koya masa kallon ƙafa. Kuma in ba su canza mai rufe wasa ba, su daina wahalar da mutane. Kocin nan ma bai san aikinsa ba.

Yanzu ina da tukuba a bakin hanyar Kongolam. Ina tsire da balangu, da koriyar hula a kaina. Masu babur na tsayawa su ci, su tsokane ni. Wani ya ce ga Ba'amurke. Wani ya ce a ba shi tsiren ɗari biyu, amma a manna masa a goshi. Ina yanka musu, ina karɓar kuɗina.

Yayana Sabo ne bai taɓa dariya ba. Shi ya sayar da gonarsa ta Sandamu ya haɗa mini kuɗin tafiya, kuma bai taɓa yi mini gori ba. Rannan bayan la'asar ya zo ya zauna a bencina.

Ya ce, "Iro, tsakaninka da Allah. Da za a mayar da kai ranar nan, ga iyaka saura mako ɗaya, za ka sake tsallake katangar?"

Na ce, "Yaya, ka tuna Mai'adua?"

Ya ce, "Ni na ɗauko Baba a keke."

"To."

Ya ɗauki tsinke ɗaya ya juya shi a kan wuta. "Ba ka ba ni amsa ba."

Na ce, "Abu ɗaya ne ya dame ni. Na yi wa mutum kirari ba kiɗa. Da za a mayar da ni, da mai kalangu zan shiga."